Yaushe Ne Yaro Ya Isa Shiga Gidan Kallo?

Duk lokacin da Sallah ta ƙarato ko aka ba da hutun makaranta, akwai wata tambaya da ke yawo a tsakanin iyaye ma'aikata a Kano da Kaduna da Abuja: shin ɗan shekara huɗu ko biyar ya isa a kai shi silima? Masu yin wannan tambaya suna da kuɗin tikiti, suna da mota, kuma suna da ikon cewa a'a. Ba mu raina tambayar ba, domin ko ba komai ta nuna akwai uban da ya tsaya ya yi tunani kafin ya zaunar da ɗansa a gaban allo. Amma muna so a ɗauke ta a kai ta Miga, ƙaramar hukumar da ke ƙarƙashin masarautar Dutse amma ruwanta da nomanta na kwarin kogin Haɗeja ne, a ga yadda take sauya kama. A can babu ginin silima mai na'urar sanyaya ɗaki da mai yagar tikiti a bakin ƙofa. Abin da ake da shi shi ne gidan kallo, wato rumfar kwano mai bencina da janareta, sai kuma wayar hannu da aka cika wa memori da fina-finai a shagon caji. Yaron irin wannan gari ba ya jiran ubansa ya yanke shawara. Sau da yawa yakan riga shi isa wurin, da ɗan canjin da ya samu a koran jan-baki daga gonar shinkafa ko kuɗin barka da Sallah.

Wannan damuwa ba sabuwa ba ce a ƙasar Hausa. Kakanninmu da suka fara ganin hoto mai motsi a jikin katanga sun raɗa masa suna dodon bango, kuma sunan kaɗai ya isa ya bayyana yadda abin ya taɓa zukatansu, alhali manya ne masu hankali. Daga baya Turawan mulki suka riƙa yawo ƙauye-ƙauye da motar majigi suna nuna fina-finan tsafta da na noman gyaɗa da auduga a ƙofar fada, kyauta, da iznin sarki ko hakimi, yara a gaba, manya a baya. Majigi bai ta da hankalin iyaye sosai ba, saboda an san wanda ya kawo shi, an san abin da ke ciki, kuma uban yaro yana tsaye a bayansa. Silimar kuɗi ce ta zo da rigima. An buɗe Rex a Kano a 1937, a wajen ganuwa, sannan Palace a 1952 a cikin birni, a Jakara, duk da ƙin amincewar jama'a da dama. Shekara guda kafin nan, ranar 13 ga Mayun 1951, gobara ta tashi a silimar El Duniya ta hallaka mutum 331, kamar yadda Brian Larkin ya kawo a littafinsa na tarihin silima a Kano wanda ya fito a 2008. An daɗe ana ba yara labarin wannan gobara a matsayin gargaɗi.

A wancan zamani al'umma ta amsa tambayar shekaru ba tare da ta rubuta doka ba. Silima tana da nisa da gida. Yawancin gidajen ba su da rufi, don haka sai duhu ya yi ake fara nuni, lokacin da ɗan mutunci ya shige gida. Akwai katanga, akwai kuɗin shiga, akwai kuma abin da ya fi su duka ƙarfi, wato kunya, domin a ce wa yaro ɗan silima zagi ne da ya shafi gidansu baki ɗaya. Ba mu ce wancan tsari adalci ne tsantsa ba, ya haɗa mai laifi da marar laifi ya yi musu kuɗin goro. Amma ya tare ƙananan yara a ƙofa. Daga 1990, da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, shingayen suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya. Fim ya shigo falo, ya shigo ɗakin amarya, faifan sidi ya biyo baya, tauraron ɗan'adam ya zo, tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, daga ƙarshe waya ta tattara duk wannan ta sa a aljihun yayan yaro. Nisa ya ƙare, dare ya daina zama sharaɗi, kunyar ma ta tafi, tunda uwa da kaka su ma kallon suke yi.

To me doka ta ce? A kan takarda, Nijeriya ba ta rasa amsa ba. Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 85 ta 1993, tana raba fina-finai aji-aji: na kowa da kowa, na kallo da kulawar iyaye, na 'yan shekara 12, na 15, da na 18. Tsarin mulkin 1999 kuma ya sanya tace fina-finai cikin abubuwan da tarayya da jihohi ke da hurumi a kai tare, kuma da wannan dama ce Jihar Kano ta kafa tata hukumar a 2001. Sai dai duk wanda ya bibiyi aikin tace fina-finai a Arewa cikin shekaru ashirin da suka wuce zai ga inda ƙarfin ya tafi. An yi ta fama a kan rawa da waƙa da suturar 'yan wasa, an kama wasu, an kori wasu, a Mayun 2025 ma hukumar Kano ta dakatar da fina-finai masu dogon zango guda 22, har da Labarina da Daɗin Kowa, a kan batun kawo su a duba kafin a sake su. Kusan duk muhawarar a kan wanda ke cikin allo take. Wanda ke zaune a gaban allon, da shekarunsa, ba a cika tuna shi ba.

Ga kuma wata ɓaraka da babu hukumar da ta toshe. Fina-finan da suka fi jan yara a gidajen kallo da wayoyi a yau su ne na Indiya da aka fassara da Hausa, irin waɗanda aka fi sani da fassarar Algaita, da takwarorinsu na Sin da Amurka. A ƙasar Indiya hukumarsu ta tace fina-finai takan sa wa wasu daga cikin irin waɗannan fina-finai alamar manya kaɗai saboda yawan jini da kisa. Kafin fim ɗin ya iso shagon tura fina-finai a Jahun ko Kafin Hausa, alamar ta ɓace a hanya. A da, yaron da ya kalli fim ɗin Indiya yana ganin faɗa da rawa ne kawai, harshen ya tsare masa sauran. Yanzu ɗan daban cikin fim da Hausar Kano yake barazana, da barkwancin da mai fassara ya ƙara don armashi, kuma washegari za ka ji kalmomin a bakin 'yan aji biyu a hanyar makarantar allo.

Ƙasashen da suka riga mu a wannan harka su ma ba su sami lambar da ta raba gardama ba. A Amurka, sai a 1984 aka ƙirƙiro ajin 'yan shekara 13, bayan iyaye sun yi ca a kan fina-finai biyu, Gremlins da kashi na biyu na Indiana Jones, waɗanda aka ce sun dace da yara amma suka firgita su. A Ingila, a 2002 aka sassauta ajin 'yan shekara 12 ta yadda wanda bai kai ba zai iya shiga idan babba yana tare da shi. Wato bayan duk bincikensu da kwamitocinsu, sun dawo sun miƙa hukuncin ƙarshe ga wanda ya san yaron. Lambar da ke jikin fim tana aiki ne a can saboda akwai mutum biyu da ke riƙe da ita, mai tsaron ƙofa da kuma uban da ya karanta ta. A Miga babu na farko, na biyun kuma ba a taɓa rubuta masa ita da harshen da yake ji ba.

Abin da likitoci da masana halayyar yara suka gano ya fi lambobin hukuma amfani ga iyaye. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba a gaban allo kwata-kwata, daga shekara biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini. Fim ɗin Indiya guda yakan kai awa biyu da rabi zuwa uku. Wannan lissafi kaɗai ya fitar da ɗan shekara huɗu daga zancen, ko da fim ɗin na wa'azi ne. Farfesa Joanne Cantor ta Jami'ar Wiskonsin, wadda ta shafe shekaru tana nazarin tsoron da fina-finai ke jefa wa yara, ta nuna cewa ƙaramin yaro siffa ce ke firgita shi: mummunar fuska, ko mutumin da ya rikiɗa ya zama wani abu. Ka ce masa ƙarya ce ba ta yi masa magani, domin bai gama raba gaskiya da wasa a ƙwaƙwalwarsa ba, abin da ke kwantar masa da hankali shi ne a rungume shi ko a fitar da shi. Idan ya haura shekara bakwai ko takwas sai tsoron ya koma kan abin da zai iya faruwa da gaske, kamar gobara, sata, ko mutuwar uwa.

Wannan batu na biyu ya kamata ya tsaya a ran duk wanda ya san kwarin Haɗeja. Yaran da ke garuruwan bakin wannan kogi sun ga ambaliyar 2020 da ta 2022 da idanunsu. Wasunsu sun ji ƙarar faɗuwar katangar ƙasa cikin dare, sun kwana a ajin makaranta, sun ga an ɗora tsofaffi a kwalekwale. Ɗan shekara tara a Abuja zai kalli fim ɗin da ruwa ya cinye gari ya tafi gida ya yi barcinsa. Takwaransa na Miga ba lallai ba ne. Haka yaron da aka taɓa sace wani nasa, ko wanda bai daɗe da rasa mahaifiya ba. Babu wata hukuma a Abuja da za ta iya sanin wannan ta rubuta a jikin fim. Shekarunsu ɗaya, amma abin da kowannensu ya shigo da shi cikin ɗakin kallon daban ne.

Kada a ɗauka muna cewa a raba yaro da labarin tsoro. Bahaushe bai taɓa yin haka ba. Tatsuniyoyinmu cike suke da Dodo mai cin mutane da kishiyar uwa mai mugunta da makircin Gizo. Amma a duba yadda aka kewaye su. Kaka ce ke bayarwa, yaron yana jingine da ita, tana kallon fuskarsa, in ta ga idonsa ya raina fata sai ta rage wa Dodon tsawo ko ta sako abin dariya. Akwai kalmar buɗewa da kowa ya sani, akwai ƙurungus a ƙarshe, wanda ke shaida wa yaro cewa an rufe ƙofar ƙarya an dawo duniya. Allo ba ya kallon fuskar kowa, ba ya ragewa, kuma a waya ma ba ya ƙarewa, wani na ƙarewa wani na farawa. Aikin da kaka ke yi a tatsuniya shi ne aikin da ya rage babu mai yi a gidan kallo.

Malamanmu na fiƙihu suna da ma'aunin da muke ganin ya fi na kowa dacewa da wannan matsala. Da suke bayanin yaro mai wayo, wanda suke kira mumayyizi, da yawansu ba su ɗaure shi da shekara ba, sun ce shi ne wanda yake fahimtar magana ya kuma mayar da amsa daidai, ko da yake shekara bakwai, lokacin da ake fara umartar yaro da salla, ita ce alamar da aka fi riƙewa. Uba zai iya gwada wannan a tsakar gidansa ba tare da ya biya ko sisi ba. Bayan an kalli wani abu tare, a tambayi yaron me ya faru, wa ya yi daidai, wa ya yi kuskure, kuma wanda aka harbe ɗin nan ya mutu da gaske ne? Idan ya iya jero labarin, ya san ɗan wasan zai tashi ya tafi gida, kuma ya kwana bai farka da kuka ba, to ya fara isa. Idan kuwa abin da ya riƙe kawai shi ne yadda aka shaƙe wuya, har yana gwadawa a kan ƙaninsa, to da saura, ko shekarunsa goma.

Matsayinmu ke nan. Yaron da bai kai shekara bakwai ba, ba shi da abin yi a gidan kallo na jama'a, ko na kwano a Miga ko mai kujerun alfarma a birni, sai fa nuni na musamman da aka shirya don yara, gajere, da rana, kuma uwa ko uba a shirye suke su tashi a tsakiya su bar kuɗin tikitin idan yaron ya tsorata. Daga bakwai zuwa goma sha biyu, a bar shi ya je da rana tare da babban da ya san fim ɗin tun kafin a shiga, kuma babba muke nufi, ba yayansa ɗan shekara goma sha uku ba. Mun san za a ce ai mun dawo kan lambobin da muka soka. Haka ne, mai gidan kallo ba zai iya yi wa kowane yaro tambayoyin fiƙihu a bakin ƙofa ba, dole a ba shi lamba. Lambar tasa ce. Uba kuwa aikinsa ya wuce nan.

Ko da fim ɗin ba shi da aibi, ɗakin kansa abin dubawa ne, kuma wannan ne ɓangaren da iyayen birni ba su cika tunawa da shi ba saboda ba ya cikin matsalolinsu. Rumfar kwano a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40 a wannan yanki, an toshe ko'ina don kada haske ya shigo ko wani ya leƙa kyauta, mutum hamsin ko fiye suna shaƙar numfashin juna: duk ma'aikacin lafiya ya san nan ne sanƙarau ke samun hanya, kuma Jigawa na cikin jihohin da cutar ta fi addaba a 2023. Janareta yana jingine da bango, hayaƙinsa yana shigowa. Ƙofa ɗaya ce, ƙarama, domin a nan ake karɓar kuɗi, wanda shi ne darasin El Duniya da ba a koya ba bayan shekara saba'in. A Afrilun 2017 wayar lantarki mai ƙarfi ta faɗo kan wani gidan kallon ƙwallo a Kalaba ta kashe mutane suna tsakiyar kallo. Sannan wasannin Turai na tsakiyar mako ba sa ƙarewa sai wajen ƙarfe goma ko sha ɗaya na dare, cikin hayaƙin taba da ashar da zancen cacar ƙwallo. Yaron da ya fito daga nan zai bi duhu ya koma gida shi kaɗai, gobe kuma ana jiran sa a makaranta.

Akwai masu ganin maganin shi ne a tura Hisba ta rufe gidajen kallon baki ɗaya. Ba mu tare da su. Mai gidan kallo matashi ne da ke neman halalinsa a garin da aikin yi ya yi ƙaranci da zarar an gama girbi da noman rani. Kuma ranar da aka garƙame rumfarsa, yaran ba gida za su koma su ɗauki allo ba, bayan gari za su koma su kewaye waya ɗaya su shida, inda babu babba ko ɗaya, babu kuma wanda ya san abin da aka tura a memorin. Gidan kallo, duk da aibinsa, yana da adireshi, yana da mai shi, mai unguwa ya san ubansa. Abin da ake iya gani shi ake iya gyarawa.

Gyaran kuma bai fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba. Majalisar Miga, tare da hakimi da dagatai, za ta iya tara masu gidajen kallo da masu tura fina-finai a zama ɗaya a yi yarjejeniya: kada a karɓi kuɗin ƙaramin yaro bayan magariba, a buɗe ƙofa ta biyu da tagogi, a nisanta janareta, a rubuta a allon da ake tallar wasannin yau da alli ko fim ɗin na yara ne ko na manya, da boko da ajami. Wanda ya keɓe ranar Alhamis ko Juma'a da hantsi don nunin yara, lokacin da makarantun allo ke hutu, a sassauta masa kuɗin haraji. Jigawa tana da Dokar Kare Yara da Gwamna Muhammad Badaru Abubakar ya sa wa hannu a Disambar 2021, saboda haka ba za a ce babu madogara ba. Hukumar tacewa ta ƙasa kuma ta daina ɗauka cewa haruffan Turanci biyu a kusurwar allo sun isar da saƙo ga manomin Haɗeja. A faɗa da baki, da Hausa, kafin fim ya fara, kuma a wajabta wa masu fassara su maido da alamar da suka tarar a kan fim ɗin.

Nunin yara kuwa sai da abin nunawa, kuma a nan masana'antar Kannywood tana da bashi a kanta. Sama da shekara talatin ana fim da Hausa, an yi dubban labaran soyayya da kishi da gado, amma fina-finan da aka yi musamman don ɗan shekara takwas ba su taka kara sun karya ba. Kasuwar tana nan, yaran ne ma suka fi kowa naci. An bar ta ga mai fassarar fim ɗin daba.

Mafi yawan masu karanta wannan shafi ba a Miga suke zaune ba, amma da wuya a sami wanda ba shi da wata Miga tasa, inda yake zuwa Sallah, inda 'ya'yan 'yan'uwansa suke. Tsohuwar wayar da aka sauya a birni, can ake aika ta, kuma sau da yawa ba a goge komai a cikinta ba, ba a kuma tambayi hannun wa za ta faɗa ba. Wanda ya je gida Sallar nan, bayan ya gaida tsofaffi, ya daure ya leƙa gidan kallon unguwarsu bayan isha'i, ya duba bencin gaba da ƙasan allon, inda waɗanda ba su da tsawon hangowa daga baya suke zama, ya tambayi mai wurin ko 'ya'yan wane ne.